Diplomacy, Catan, Risk ko dara: wanne zai kai ku ƙarshe idan abokan wasa sun warwatsu?

Mutanenka suna zaure guda a WhatsApp, amma jikinsu ya rarrabu. Ɗaya yana Kano, ɗaya Damagaram, wani yana aikin asibiti a Jidda, wani yana kasuwanci a Kumasi, autan kuma ya tafi karatu Maleshiya. An gaji da gardamar ƙwallo da turo hotunan biki, sai wani ya ce a yi wasan dabara irin na allo, kowa daga inda yake. Kowa ya ce ya yarda, aka kuma ɗora maka shiryawa. Yanzu ga ka tsakanin sunaye huɗu ko biyar, kowanne da mai yabonsa.

Sau uku na ɗauki irin wannan nauyi, biyu suka mutu a hanya. A duka biyun dokokin wasan ba su ba mu wahala ba. Na farko, mutum ɗaya ne wayarsa ta lalace ya yi kwana tara shiru. Na biyu kuwa, wani ya ci amanar wani a cikin wasa, wanda aka cuta ya ɗauke ta da zafi har ya fice daga zauren gaba ɗaya. Saboda haka ma'aunin da zan auna wasannin nan da shi ya ɗan bambanta da na masu tallata su.

Abin da za ka auna kafin ka zaɓa

Fara da ƙirga mutanen gaske. Idan goma sha biyu suka ce suna ciki, ka tambaye su a keɓe wa zai iya duba waya sau biyu a rana har tsawon wata biyu, za ka ga adadin ya sauko. Da wannan adadi na biyu za ka yi aiki.

Sai tsarin lokaci. Akwai wasan da dole kowa ya zauna a lokaci guda, akwai wanda kowa zai taka sa'adda ya samu sarari, muddin bai wuce wa'adi ba. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya. Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Sudan tana gaba da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu, Maleshiya da awa bakwai. Ƙarfe tara na dare a Kano ƙarfe huɗu ne na asuba a wajen autanku. Wannan lissafi kaɗai yana iya fitar da rabin zaɓin da ke gabanka.

Kuɗi na uku. Yawancin abin da zan ambata kyauta ne, amma kyautar intanet tana da haraji: data, cajin waya, da ƙarfin sabis. Inda kuma ake biya, da Yuro ko Dala ake biya, katin naira kuwa ba kullum yake wucewa ba.

Na huɗu sauƙin koyo, na biyar ƙarko. Abin da nake nufi da ƙarko shi ne, idan mutum ɗaya ya ɓace, wasan zai ci gaba da tafiya ko zai durƙushe? Wannan ne ma'aunin da na fi ba nauyi.

Na ƙarshe haɗari, kuma kashi uku ne. Akwai maguɗi, akwai gaba da ka iya biyo bayan wasa, akwai kuma abin da ya shafi addini, wanda bai kamata mai shiryawa ya yi kamar bai san da shi ba. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo hadisin da ya hana wasan nardu, wanda da dayis ake yin sa, shi da kansa kuma ya ce babu alheri a shaɗaranji, wato darar Turawa. Malaman Shafi'iyya sun sassauta a kan shaɗaranji idan babu caca kuma bai shagaltar daga salla ba. Fatawa ba tawa ba ce. Nawa shi ne in ce ka tambayi mutanenka tun kafin a fara, don kada wani ya ga dayis a mako na biyu ya ce shi ya janye. Batun sanya kuɗi kuwa, ko da sunan kyautar wanda ya ci ne, ka rufe ƙofarsa tun ranar farko.

Diplomacy

Wannan shi ne wasan da kamar don mutanen da ke nesa da juna aka ƙirƙire shi. Wani Ba'amurke, Allan Calhamer, ya tsara shi a 1954, ya fito kasuwa a 1959, kuma tun 1963 mutane suka fara buga shi ta gidan waya, suna aika wa alƙali umarninsu a ambulan. Allon taswirar Turai ce a shekarar 1901, da manyan ƙasashe bakwai: Ingila, Faransa, Jamus, Italiya, Ostiriya, Rasha da Turkiyya. Akwai wurare 34 da zan kira rumbuna, domin kowane rumbu yana ciyar da runduna ɗaya. Kowace ƙasa tana farawa da uku, Rasha da huɗu, sauran 12 ba na kowa ba ne. Wanda ya mallaki 18 ya ci wasa.

Babu dayis ko kaɗan, babu kuma jiran layi. Kowa yana rubuta umarninsa a ɓoye, a buɗe su gaba ɗaya idan wa'adi ya cika. Umarnin iri huɗu ne kawai: runduna ta tsaya, ta matsa, ta mara wa wata baya, ko rundunar ruwa ta yi wa ta ƙasa fito. Duk rundunoni ƙarfinsu ɗaya, don haka idan biyu suka nufi wuri guda sai a yi cirko-cirko, kowa ya koma inda yake. Wanda ya fi samun masu mara masa baya shi ke shiga. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ke nan a aikace, kuma tun da rundunoninka uku ba za su ishe ka ba, dole ka nemi maƙwabci. A nan wasan yake: a saƙonnin da ke yawo tsakanin mutum bakwai, wato hanyoyin magana 21, inda ake alkawari kuma doka ba ta tilasta wa kowa ya cika.

Hanya biyu ce ta gudanar da shi, kuma bambancinsu babba ne.

Ta farko, a bar wa shafin intanet alƙalanci. Backstabbr da webDiplomacy duka kyauta ne, a burauzar waya suke buɗewa, ba sa cin data sosai domin taswira ce da rubutu. Kai za ka buɗe wasa, ka sa tsawon wa'adi, ka gayyaci mutanenka. Idan lokaci ya cika shafin zai warware umarni ya zana sabuwar taswira. Backstabbr ya fi daɗi a ƙaramar waya, yana kuma da allon gwaji inda sabon shiga zai jera rundunoni ya ga abin da zai faru idan ya yi kaza. Shi kuwa webDiplomacy yana da tsarin jefa ƙuri'a don a dakatar da wasa ko a tashi kunnen doki, yana ajiye tarihin wanda ya saba guduwa daga wasa, kana kuma iya gwada hannu da kwamfuta kafin ka fuskanci mutane. A wannan shafin ne kamfanin Meta ya gwada manhajarsa mai suna Cicero a 2022, ta buga wasa 40 da mutane tana tattaunawa da su a rubuce.

Ta biyu, mutum na takwas ya zama alƙali. A tura masa umarni a keɓe, shi ya warware, ya turo hoton taswira zaure. Daɗin wannan hanya shi ne ba wanda zai buɗe asusu a ko'ina, kuma ana iya rubuta umarni da Hausa. Alƙali mai barkwanci yakan fitar da sakamako kamar labaran rediyo, har waɗanda ba sa wasa su riƙa jiran fitowarsa. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Rundunoni 22 ake farawa da su, su kai har 34, kuma akwai dokoki masu santsi. Misali, idan aka kai wa mai mara baya hari, goyon bayansa ya yanke, sai dai idan harin ya fito ne daga wurin da shi yake taimakawa a kai wa farmaki. Alƙalin da ya kuskure wannan sau ɗaya da tsakar dare zai kwana yana amsa ƙorafi. Ga kuma wani rami: WhatsApp yana barin mutum ya gyara saƙo cikin minti 15 da turawa, ko ya goge shi gaba ɗaya. Idan alƙali bai ɗauki hoton kowane umarni da lokacinsa ba, wata rana za a yi rantse-rantse.

Ni dai abin da ya yi mana aiki shi ne haɗa biyun: umarni a Backstabbr, ƙulle-ƙulle a WhatsApp, mutum na takwas kuma ya riƙe agogo da sulhu kawai.

Lokacin da yake ci, ga lissafi. Kowace shekarar wasa tana da taku biyu, na bazara da na kaka, kowanne ana iya biyo shi da matakin ja da baya, sai matakin gina sababbin rundunoni a ƙarshen shekara. Idan ka ba kowane taku kwana biyu, ƙananan matakan uku kwana ɗaiɗai, shekara guda ta cinye mako guda. Wasan da ya kai 1908 ko 1910 wata biyu ne zuwa biyu da rabi. Ka duba kalanda: idan azumi ko jarrabawa ko girbi zai faɗo a tsakiya, a yi yarjejeniyar dakatarwa tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta fuskar ƙarko, Diplomacy yana da rauni ɗaya mai tsanani. Wanda bai turo umarni ba, rundunoninsa za su tsaya cik ba tare da mara wa kowa baya ba, maƙwabcinsa ya kwashe rumbunansa a banza, sauran biyar kuma su ga an yi wasan an gama ba da su ba. Maganinsa 'yan benci. Kada ka fara da mutum bakwai cif. Ka samu tara, biyu su zauna suna kallo, da sharaɗin duk wanda ya tsallake wa'adi biyu a jere an ba wani kujerarsa ba tare da shari'a ba.

Haɗarinsa na zumunci shi ne mafi girma a duk jerin nan. Da wuya a ci wasan ba tare da an saɓa wa wani alkawari ba, kuma zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa: mutum yakan yafe wa wanda ya kai masa hari, amma ya riƙe abokin da ya mara wa harin baya bayan sun yi sallama lafiya da daddare. Akwai abin da ke rage wannan. A hana rantsuwa da Allah a cikin tattaunawar wasa, domin alkawarin wasa daban, rantsuwa daban. A yanke tun farko ko an yarda a tura wa wani hoton hirar sirri. A raba ƙasashe ta hanyar ƙuri'a, amma idan Ostiriya ta faɗa hannun sabon shiga mai saurin fushi, a nemi wanda zai yi musaya da shi. Tana tsakiyar Rasha da Turkiyya da Italiya, rumbunta na Tiriyeste kuma yana manne da Benis ta Italiya tun daga takun farko, don haka ita ce ta fi saurin mutuwa a hannun wanda bai iya lallashi ba. Kada kuma ka haɗa uban gida da yaronsa, ko suruki da surukinsa, a allo guda. Yaron ba zai iya kai hari ba, idan kuma ya kai, dara ta ci gida.

Catan

Klaus Teuber, Bajamushe, ya fitar da shi a 1995, ya kuma ci kyautar wasan shekara ta Jamus a wannan shekarar. Mutum uku ko huɗu, ana iya kaiwa shida da ƙarin kaya. Tsibiri ne mai gonaki 19, ana samun itace, bulo, ulu, hatsi da tama, a gina hanyoyi da ƙauyuka da birane, wanda ya fara kai maki 10 ya ci. Dayis biyu ke nuna gonar da za ta ba da amfani. Idan bakwai ta fito, kuma ita ta fi kowace lamba fitowa, sau 6 cikin 36, ɗan fashi, wato ɗan gunkin da ke hana gonar da aka ajiye shi ba da amfani, ya tashi, duk mai riƙe da kati fiye da bakwai ya zubar da rabi.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan wasa, domin ciniki ne zalla: ba ni hatsi biyu in ba ka bulo ɗaya, albarka, ƙara dai. Cikin wasa ɗaya mutum ya gane shi. Ba a kuma fitar da kowa, har wanda ke baya yana da abin sayarwa zuwa ƙarshe, shi ya sa fushinsa ba ya kwana.

Inda yake da matsala shi ne lokaci. A shafin Colonist ana buga shi kyauta a burauza, a gama cikin awa guda ko ƙasa da haka, amma sai kowa yana zaune a lokaci ɗaya. Idan sabis ɗinka ya yanke, kwamfuta za ta karɓi kujerarka ta yi ta yi maka ciniki yadda ta ga dama har ka dawo. A Board Game Arena akwai tsarin kowa ya taka a lokacinsa, sai dai Catan yana cikin wasannin da sai mai biyan kuɗin wata ne zai buɗe tebur. Mutum ɗaya ya isa, sauran su shiga kyauta, don haka wanda ke ƙasar waje ya ɗauki wannan nauyi. Gaskiya dai ban ji daɗinsa a wannan tsari ba. Cinikin da ake gamawa cikin daƙiƙa goma ido da ido yakan kwana biyu ana jiran amsa, armashin ya tafi.

Risk

Albert Lamorisse, mai shirya fina-finai ɗan Faransa, ya ƙirƙiro shi a 1957. Taswirar duniya ce mai yankuna 42 a nahiyoyi shida, mutum biyu zuwa shida. Mai kai hari yana jefa dayis har uku, mai tsaro har biyu, idan aka yi daidai mai tsaro ya ci. Wanda ya riƙe nahiya sukutum yana samun ƙarin sojoji kowane zagaye: Asiya bakwai, Turai da Amurka ta Arewa biyar-biyar, Afirka uku, Amurka ta Kudu da Ostireliya bibbiyu. Minti goma sun isa a koya.

Ba na ba da shawarar a yi shi da hannu a WhatsApp. Taku guda yana iya ƙunsar jifa ashirin, kuma ba wanda zai yarda da wanda ya ce shi ya jefa a ɗakinsa shida ta fito. Telegram yana da dayis da ke juyawa a gaban kowa, amma ko da shi saƙonnin za su cika zaure. Manhajar RISK: Global Domination kyauta ce a waya, ana sayen ƙarin taswirori ne kawai, sai dai ita ma zama ɗaya take so, ta kuma fi shafukan burauza cin caji. Mai son irin wannan yaƙi a hankali ya duba Warzone, wanda aka gina a kan salon Risk, yana da wasannin kwanaki, kowa ya shigar da umarninsa kafin wa'adi.

Babban aibinsa shi ne ana kashe mutum ya fita. Wanda aka share a zagaye na biyar zai zauna yana kallon biyu suna tara sojoji a bakin Ostireliya, wadda ƙofa ɗaya gare ta, har dare ya raba.

Darar Turawa da darar gida

Waɗannan na mutum biyu ne, amma akwai hanya biyu ta mayar da su na jama'a, kuma a ma'aunin ƙarko babu wanda ya kamo su.

Hanya ta farko gasar kowa-da-kowa. Mutum takwas wasa 28 ne. A shafin darar Turawa na Lichess, wanda kyauta ne kuma babu talla a cikinsa, ana iya ba kowane taku daga kwana ɗaya har zuwa 14. Idan mutum ya ɓace, wasanninsa kaɗai suka faɗi, sauran suna tafiya. Kai aikinka teburin maki ne kawai. Haɗarinsa maguɗi: wanda ke da kwana uku kafin ya taka yana iya zuwa ya tambayi kwamfuta, kuma manhajar da ta fi kowane gwani a duniya kyauta ake saukar da ita. Shafukan suna kama masu yin haka su yi wa asusunsu tambari, amma tsakanin abokai zargin kansa ya isa ɓata gasa.

Hanya ta biyu a rabu gida biyu, kowane gida ya yi shawara ya jefa ƙuri'a a kan taku. An taɓa yin babba irin wannan a 1999, lokacin da gwanin darar Turawa Garry Kasparov ya kara da duniya ta intanet. Mutane fiye da 50,000 daga ƙasashe sama da 75 suka riƙa zaɓen taku, aka yi wata huɗu, Kasparov ya ci bayan taku 62. A zaurenku abin da ake buƙata shi ne ƙananan zauruka biyu da tsarin ƙuri'ar da WhatsApp ke da shi. Mutum ashirin ma za su shiga, wanda bai iya ba ya koya daga gardamar gwanaye, wanda ya yi tafiya kuma ba a ma lura. Abin lura ɗaya: kowane gida ya naɗa madugu da zai raba gardama idan ƙuri'a ta yi daidai, kuma a tabbata babu mai ƙafa biyu.

Darar gida kuwa, wadda dattawa ke yi a ƙasa da tsinke da tsakuwa, ta fi duk sauran arha. Gurabe 30, layi biyar a jeri shida, kowa da 'ya'ya 12. A fara dasawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a riƙa matsawa gurbi guda, wanda ya jera uku ya ci ɗa ɗaya na abokin karawa. Ka ba layukan haruffa A zuwa E, jerin kuma lamba 1 zuwa 6, sai taku ya zama gajeren saƙo: C3 zuwa C4. Ko saƙon tes ya isa, wanda ke ƙauyen da sabis ke wahala ma zai iya. Mutum na uku ya zana allon a takarda ya riƙa turo hoto. Sai dai dokokinta suna ɗan sauyawa daga gari zuwa gari. Kafin na Sakkwato ya kara da na Maraɗi, a rubuta matsaya a kan jera huɗu, da jera uku a lokacin dasawa, da yadda za a yi da doki, wato jerin da mutum ke buɗewa yana rufewa yana ci a kowane taku.

Teburin kwatanci

| Zaɓi | Mutane | Tsawonsa | Kuɗi | Koyo | Idan mutum ya ɓace | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Diplomacy a shafi | 7 da 'yan benci | Wata 2 ko fiye | Kyauta | Sai an yi gwaji | Wasa ya karkace | Gaba |
| Diplomacy da alƙali | 8 da 'yan benci | Wata 2 ko fiye | Kyauta | Ya danganta da alƙali | Wasa ya karkace | Kuskuren alƙali, gaba |
| Catan a zama ɗaya | 3 zuwa 4 | Kamar awa 1 | Kyauta | Mai sauƙi | Kwamfuta ta karɓa | Yankewar sabis, dayis |
| Catan a hankali | 3 zuwa 4 | Makonni | Mutum 1 zai biya | Mai sauƙi | Tebur ya tsaya | Gundura, dayis |
| Risk a manhaja | 2 zuwa 6 | Awa 1 zuwa 3 | Kyauta | Mafi sauƙi | Kwamfuta ta karɓa | Fitar da mutum da wuri, dayis |
| Gasar darar Turawa | Ko nawa | Yadda kuka tsara | Kyauta | Yana ɗaukar lokaci | Gasa ta ci gaba | Tambayar kwamfuta |
| Gida biyu da ƙuri'a | 6 zuwa 20 | Wata 1 zuwa 3 | Kyauta | Ana koyo a ciki | Ba a ma lura | Ɗan leƙen asiri |
| Darar gida | Ko nawa | Kwanaki | Kusan babu | An gada | Gasa ta ci gaba | Saɓanin doka |

Wa ya dace da wanne

Idan ku sa'o'in juna ne, kun yi makaranta tare, kun saba tsokanar juna ba a riƙewa, kuma kun kai tara masu tabbas, ku ɗauki Diplomacy a shafi. Babu wanda zai ba ku abin hira na wata biyu kamarsa, kuma bambancin agogo ba ya taɓa shi. Ku fara da wasan gwaji na shekara biyu, 1901 da 1902, wanda ba a ƙirga shi, don kowa ya ga yadda goyon baya ke yankewa kafin a shiga na gaske. Wa'adi ya riƙa cika bayan isha'i agogon Najeriya, kada ya faɗo ranar Juma'a da rana.

Alƙalin hannu sai idan akwai wanda ya riga ya buga wasan sau da yawa, ko kuma a cikinku akwai waɗanda Turancin shafin zai hana su shiga. Ko a nan ma, alƙalin ya riƙa shigar da umarnin a allon gwaji na Backstabbr ya duba kansa kafin ya sanar.

Idan ku huɗu ne, agogonku bai wuce tazarar awa biyu ba, kuma babu mai ƙyamar dayis, Catan daren Asabar ya fi muku. Risk na bar wa ƙanne da 'yan hutun makaranta masu son a yi yaƙi a gama yau, waɗanda idan an fitar da su za su buɗe wani teburin nan take.

Zauren dangi kuwa, inda akwai kawu da yaya da surukai, ko zauren ma'aikatan ofis guda mai manya da ƙanana, kada ka kai musu wasan cin amana. Ka raba su gida biyu da ƙuri'a, ka sa kawu a gida guda da wanda ya fi jin nauyinsa. Idan kuma akwai dattijon da ba ya taɓa manhaja amma ba a taɓa cin sa a dara a ƙofar gidansa ba, ka zana masa gurabe 30 a bayan kwali, ka rubuta haruffa da lambobi a gefe, wani jikansa ya riƙa karanta masa takun abokin karawa yana tura nasa.